Kolaj da zanen hannu a takarda ɗaya: tambayoyin da masu koyo a Kaduna suka fi yi

Tambayoyin nan na tattaro su ne daga ajin da nake koyarwa ranar Asabar a nan Kaduna, da waɗanda iyaye da ɗalibai ke tare ni da su a hanya. Wasu an yi mini su ya fi sau ashirin. Na jero su daga na sabon shiga zuwa na wanda hannunsa ya fara faɗawa. Mai sauri ya tsallaka zuwa inda ke masa ƙaiƙayi.

Mene ne kolaj, kuma me ake nufi da haɗa shi da zane?

Kolaj shi ne a yanko abu ko a yago shi, takarda ce ko ƙyalle ko hoto ko fata, a manna a kan wani shafi don a gina sabon hoto. Kalmar daga Faransanci ta fito, daga kalmarsu ta liƙawa da gam. A aji mukan ce masa liƙe-liƙe, ko da yake duk ranar da na faɗa sai wani ya yi dariya ya ce ai liƙi sai gidan biki.

Haɗa shi da zane kuwa shi ne fensir ko gawayi ko tawada ko biro su shigo cikin aikin, layi ya taso daga farar takarda ya hau kan abin da aka manna ya sauka ta wancan gefen. Ga gwajin da nake ba kowa: rufe zanen da tafin hannunka ka duba. In abin da aka manna ya tsaya da ƙafarsa bai rasa komai ba, to zanen ado ne kawai. Sai ka rufe abin da aka manna. In zanen bai yi kewarsa ba, to shi ma baƙo ne a wurin. Aikin da ya nuna shi ne wanda kowanne ke neman ɗan'uwansa.

Malam, yarana ma suna yanka takarda suna mannawa a firamare. Wannan har ya kai a kira shi fasaha?

Hajiya, almakashin ɗaya ne, gam ɗin ma ɗaya ne. Bambancin yana wajen zaɓi. Yaro yana ɗaukar takarda ne don launinta ya burge shi. Mai fasaha sai ya tambayi kansa daga ina takardar ta fito, wa ya taɓa riƙe ta, me za ta faɗa in an ajiye ta kusa da wata. Jan fenti ja ne kawai, ba shi da tarihi. Amma tikitin jirgin ƙasa daga Rigasa, ko rasit ɗin kuɗin makaranta, ko takardar buhun siminti, kowanne da labarinsa yake shigowa.

Wata ɗalibata, mahaifinta ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, inda aka buɗe ta farko a 1957, mafi yawansu kuma suka rufe a shekarun 2000. Ta kawo ragowar tsohuwar atamfar mahaifiyarta, faɗin tafin hannu, ta manna a ƙasan takarda. Daga zaren da ya warware a bakin ƙyallen ta ci gaba da fensir, layi ɗaya siriri, ya hau sama ya zama ƙofar masaƙa a rufe da kwaɗo. Ba ta ƙara komai ba. Sai ka matso sosai kafin ka gane inda zare ya ƙare, inda fensir ya fara. Wannan ba aikin firamare ba ne.

A ina aka faro shi, su wa suka fara?

Manna takarda a kan takarda tsohon abu ne a duniya. Shigarsa cikin fasahar zamani ce ake ƙirgawa daga 1912 a Faransa. A shekarar Pablo Picasso ya manna wani leda-ledan shimfiɗar tebur mai hoton saƙar kujera a cikin zanensa na fenti, ya zagaye bakin da igiya. A watan Satumba abokinsa Georges Braque ya ga takardar liƙa wa bango mai kamar katako a wani kanti a garin Avignon, ya saya, ya yanka, ya manna a farar takarda, ya zana kwanon 'ya'yan itace da kofin gilashi da gawayi a kai. Ku lura: aikin takarda na farko a wannan layi, dama haɗi ne na liƙi da zane. Ba daga baya aka aurar da su ba. Kafin shekarar ta fita Picasso ya shiga manna guntayen jarida, har da labaran yaƙin Balkan da ake yi a lokacin.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya abin ya yi ƙarfi a Jamus. Kurt Schwitters na Hanover yakan tsinci tikitin mota da takardun da aka yar a titi ya gina hoto da su. Hannah Höch a Berlin ta riƙa yanka hotunan 'yan siyasa da na mata daga mujallu tana haɗa kan wannan da jikin wancan don ta yi wa masu mulki shaguɓe. Henri Matisse na Faransa kuwa, da rashin lafiya ta zaunar da shi a keken marasa lafiya bayan tiyata a 1941, sai mataimakansa su shafa wa takarda launi shi kuma ya yanka da almakashi, haka har rasuwarsa a 1954. A Amurka Romare Bearden, baƙar fata, ya yi amfani da kolaj tun shekarun 1960 wajen nuna rayuwar mutanensa a unguwar Harlem da Kudancin ƙasar.

To mu fa? Akwai namu a ciki, ko duk na Turawa ne?

Hannu dai ya daɗe da sanin aikin. Dukawa suna yanka jar fata da koriya su ɗora a kan wata su ɗinke. Mai ɗinkin babbar riga sai an zana masa aska takwas a jikin yadi kafin allura ta bi. Duk wanda ya tashi a gidan da ake liƙa kalanda da shafukan jarida a bangon ɗaki ya ga kolaj tun bai san sunansa ba. Ba na cewa waɗannan su ne kolaj na zamani, manufarsu daban ce. Amma ido da hannun da suka saba da su ba baƙi ba ne a nan.

A fasahar zamani akwai zare da ya ratsa ta jiharmu. Uche Okeke a Kafanchan ya tashi. A 1958 shi da su Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ra'ayinsu shi ne a ɗauki dabarar baƙo a gauraya da ta gida. Okeke ya koma Jami'ar Nsukka ya kafa koyarwa a kan layin uli, zanen gargajiya da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Daga wannan makaranta ta Nsukka Marcia Kure ta fito, haifaffiyar Kano a 1970, wadda ta kammala a 1994. Ita ce nake fara nuna wa ɗalibai, domin tana zane da ruwan goro, kuma tana yanka hotunan tufafi da sassan jiki daga mujallu ta haɗa siffofin da ba mutum ba, ba dodo ba.

Sai Njideka Akunyili Crosby, haifaffiyar Inugu a 1983, 'yar marigayiya Farfesa Dora Akunyili ta NAFDAC. A Los Angeles take zaune. Manyan hotunanta na falo da ɗakin kwana a kan takarda suke, da fenti da fensir mai launi, amma in ka matso sai ka ga bango da kujera da fatar mutum cike da ƙananan hotuna daga mujallun Najeriya da kundin hotunan gidansu. Dabarar da take bi tana cikin amsar da ta shafi kwafe hoto a ƙasa. A duba kuma Wangechi Mutu ta Kenya, wadda ke haɗa yankan mujalla da tawada.

Ban iya zane ba. Zan iya farawa da liƙi kawai?

Za ka iya, kuma ƙofa ce mai sauƙi. Sai dai kada ta zama maɓoya. Na ga masu cika shafi da takarda don tsoron kada a ga rawar hannunsu. Fara da wannan: manna guntu ɗaya tak, ka ba kanka layi biyar na fensir, ba ƙari. Yi haka kullum har wata guda. Layin ba sai ya yi kama da wani abu ba. Inuwa ce, ko ci gaban wani lanƙwasa da ke jikin hoton, ko rubutun hannunka, duk zane ne.

Wane kaya nake bukata, a ina zan samu a Kaduna?

Almakashi biyu, babba da ƙarami, kada a yanka ƙyalle da na takarda don yana dakushewa. Reza ko wuƙar yankan takarda, da katako ko kwali mai kauri da za a yanka a kai. Fensir mai tauri da mai laushi, wato HB da 4B ko 6B. Gawayi, tawada, buroshi mai faɗi na shafa gam, tsumma mai tsabta, da tsohon cokali na lailaya. Shimfiɗar aikin ita ce ba a yi mata rowa. Takardar fotokwafi mai giram 80 ba ta ɗaukar gam, nan take take tattarewa. Nemi mai giram 200 zuwa 300, ko kwali mai tauri. Kantunan littattafai da masu sayar da takardar ɗab'i a kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi suna da su.

Abin mannawa kuwa kusan kyauta ne. Telan unguwa zai ba ka ƙyallaye buhu guda in ka roƙa da ladabi. Kasuwar Barci akwai tsofaffin yadudduka masu saƙar da ba a yi yanzu. Masu ƙosai da masu tsire suna sayen tsofaffin jaridu da takardun ofis, in ka riga su wajen mai sayarwa ka tsinci abin mamaki. Takardar buhun siminti, in an kakkaɓe an goge, tana karɓar gawayi fiye da takardu masu tsada. Bayan zaɓe fastoci sukan yi hawa-hawa a jikin gadoji da katangu, wani kan wani, rana ta kode su. A Paris su Jacques Villeglé sun yi suna da yago irin waɗannan tun 1949. Amma a jira kakar siyasa ta wuce. Wanda ya je yagar fasta ana tsakiyar kamfe, ba zai sami wanda zai tsaya jin bayanin fasaha ba.

Abu ɗaya: in ka sami tsohon kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, ko New Nigerian ta shekarun farko, kada ka sa mata almakashi. Yi fotokwafi ka yanka kwafin. Irin waɗannan wurinsu ma'ajiya ce irin ta Gidan Arewa.

Wane gam ya fi?

Farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, shi ne na yau da kullum. A ɗiga masa ruwa kaɗan har ya yi kamar kindirmo mai ɗan ruwa, a shafa da buroshi daga tsakiya zuwa baki. Yana bushewa garau, yana riƙe ƙyalle da kwali. Aibinsa, in ya kama ya kama, babu gyara. Ga takarda siririya na fi son kullun sitaci da aka dama ya dahu ya huce, don yana ba ka lokacin gyara zama, kuma ana iya jiƙa shi a cire. Masu gyaran tsofaffin littattafai ma kullun sitacin alkama suke amfani da shi saboda wannan dalili. Sai dai kyankyaso da gara suna sonsa, kuma kwana biyu ya yi tsami, don haka a dama daidai na yini. Ƙaro, wanda masu haɗa tawadar allo suka sani, yana riƙe ƙananan guntaye, amma yana ƙyalli kuma yana tsagewa in an yi masa kauri.

Waɗanda za a guje wa: salatif, don yakan zama ruwan ɗorawa ya faɗi ya bar tabo, gam ɗin masu gyaran takalmi, wanda ke ratsa takarda ya fito ta gaba da launin ƙasa, da sufa gulu, mai sandarar da takarda. Gam na sanda irin na 'yan makaranta ya yi don gwaji kawai. Araha ba ta ado.

Wanne ake fara yi, zanen ko liƙin?

Babu doka, amma sakamakon ya bambanta. In ka fara zane sannan ka manna, takardar tana rufe wani sashe, sai mai kallo ya ji an ɓoye masa wani abu. In ka fara liƙi sannan ka zana, layin ne ke ɗinke guntayen su zama gida ɗaya. Ni nakan yi kai-komo: zane mara nauyi, liƙi, a bari ya bushe, zane kuma. Abin da ba na yi shi ne shafa gam kafin in gama shawara. Jera guntayen a bushe, ɗauki hoto da waya, sauya musu wuri, sake ɗauka. Ka kwana a kai. Da safe ka yi wa kusurwoyin alama da ɗigon fensir kafin ka ɗaga su, in ba haka ba ba za su koma inda suke ba.

A yaga ko a yanka?

Almakashi yana ba da baki mai kaifi, mai sanyi, kamar an yanke hukunci. Yaga tana ba da baki mai gashi-gashi wanda ke shan gawayi ya narke cikin zane. Ɗauki shafin jarida ka gwada: ta gefe ɗaya zai yage a miƙe, ta ɗaya gefen sai ya karkace, saboda zaren takarda duk fuska ɗaya suka kwanta tun daga injin. In takarda mai launi ce, ɓangaren da ka ɗaga sama shi ke tafiya da launin har baki, wanda ya rage a ƙasa kuma ya fito da farin baki. Wannan farin bakin layi ne da ka samu kyauta. In kana son yaga ta bi wata siffa, zana siffar da jiƙaƙƙen buroshi, jira kaɗan, sannan ka ja.

Me ya sa aikina ke kumbura yana lanƙwashewa, musamman da damina?

Takarda tana shan ruwan gam ta buɗe, in ta bushe ta tsuke ta ja shimfiɗar da ke ƙarƙashinta. Kaduna kuma ta haɗa mana biyu: a watan Agusta iska jiƙe take, gam ya yini bai bushe ba, da hunturu kuwa kafin ka ajiye buroshi ya bushe, takarda ta naɗe kamar tabarma. Maganin farko, a shafa gam a jikin guntun, ba a jikin shimfiɗa ba, a bar shi kamar minti ɗaya ya gama buɗewa kafin a ɗora. Na biyu, a rufe da leda mai tsabta a lailaya da bayan cokali daga tsakiya zuwa waje. Na uku, a danne da katako da littattafai masu nauyi har kwana ɗaya, da damina kwana biyu, ana sauya takardar da ke tsotse danshi.

In kwali ne ya riga ya lanƙwashe, manna takarda mai kauri irin na gaban a bayansa. Jan baya da jan gaba sai su yi kunnen doki ya miƙe. Kada a shanya a rana, kada a sa dutsen guga mai zafi a kan farin gam. 

Fensir ba ya kama shafin mujalla mai santsi, gawayi kuma yana gogewa. Yaya zan yi?

Shafin mujalla an shafe shi da wani abu mai sulɓi, fensir ba ya samun abin cizo. A goga shi a hankali da samfefa mafi laushi har ƙyallin ya dushe, ko a yi amfani da biro, maka, ko fensir mai maiƙo. Haka in farin gam ya bushe a fuskar takarda, wurin ba zai karɓi fensir ba, shi ya sa ake goge rarar gam nan take da ɗanyen tsumma. Gawayi kuwa a bar shi zuwa ƙarshe, a sa takarda a ƙarƙashin hannu lokacin aiki, sannan a fesa maganin kama gawayi da ake sayarwa a kantin kayan zane. Wasu na fesa turaren gyaran gashi. Yana kamawa, amma yana sa takarda ja da daɗewa, don haka a bar shi ga aikin gwaji.

Gaskiya ne ana zane da goro da lalle da zoɓo?

Gaskiya ne. A gurza jan goro, a jiƙa, a tace, zai ba da launi tsakanin ruwan lemo da ƙasa-ƙasa, kuma yana ƙara duhu in iska ta buge shi, kamar yadda yake yi a haƙorin mai ci. Ana shafa shi hawa-hawa, kowane hawa ya bushe kafin na gaba. Lalle da ruwan shayi suna ba da launin tsohuwar takarda. Shuni yana zama da kyau kusa da takardar siminti. Zoɓo kuwa mayaudari ne: ranar farko ja wur, bayan 'yan makonni ya koma toka-toka. Tawadar allo ta gawayi da ƙaro baƙinta yana da kyau, amma ruwa na narkar da ita, don haka kada a shafa gam a kanta. A yi liƙin tukuna, tawada daga baya.

Yaya ake kwafe hoto ya shiga jikin takarda ba tare da an manna shi ba?

Wannan ce dabarar Njideka. A yi fotokwafin hoton da injin mai garin tawada, irin na shagunan fotokwafi, don na ruwan tawada ba ya yi. A kifa kwafin a kan shimfiɗa, a jiƙa bayansa da asiton, sinadarin da ke cikin ruwan goge jan farce, a murza da bayan cokali da ƙarfi. Tawadar za ta saki ta koma ƙasa, dishi-dishi kamar abin da aka tuna. Fensir yana hawa kanta lafiya lau tunda babu tudu. Hoton yana fitowa a juye, saboda haka in da rubutu a ce wa mai shago ya juya shi tun a kwamfuta. Asiton yana kama wuta kuma warinsa na hawa kai. A yi a tsakar gida, nesa da risho da yara.

Malam, batun addini fa? Hoton mai rai, da takardun da ke da ayoyi?

Hukunci na malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Abin da ya shahara shi ne ruwayar Bukhari da Muslim, inda wani mai sana'ar yin hotuna ya zo wa Ibn Abbas, ya ce masa in ba makawa ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Ɗalibaina da yawa a nan suka tsaya, kuma ba su rasa abin yi ba: gine-gine, taswirar unguwa, kekuna, tufafi babu mai sawa, dagi da zanen bangon gidajen Zariya, zayyanar allo. Aikin ƙofar masaƙa da na ambata a sama babu mai rai ko ɗaya a ciki, amma akwai mutum a cikinsa.

Batun takarda kuwa ba na sassauci a aji. Jaridun Hausa da kalandu da tsofaffin littattafan makaranta suna ɗauke da ayoyi da sunayen Allah, wani lokaci a bayan shafin da kake so. A duba gaba da baya kafin a yanka. Rubutun ajami ma a karanta shi tukuna, kada a ɗauka ado ne. Haka shafin Littafi Mai Tsarki da takardun coci. A garin nan mun san abin da wasa da irin wannan ke jawowa.

Zan iya manna takardar kuɗi, ko hoton da wani ya ɗauka?

Naira a'a. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta yaga ta, rubutu a kanta ko wulaƙanta ta, hukuncin kuma ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. In siffar kuɗi kake so, zana ta da hannu.

Hoton wani kuwa yana ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022. Sayen mujalla bai mallaka maka hoton da ke ciki ba. Ƙaramin guntu da ya narke cikin sabon aiki ba kasafai yake jawo magana ba. Amma in hoton mutum ɗaya ne ginshiƙin aikin, kuma za ka sayar ko ka buga kwafi da yawa, nemi izinin mai shi a rubuce. Mafi kwanciyar hankali ka ɗauki naka da waya ka wanke. Hoton 'yan'uwa ma a tambaye su, musamman mata. Rasit da takardar asibiti a rufe suna da lambar waya.

Yaya zan san na gama? Nawa kullum cunkushewa yake yi.

Cire guntun da ka fi so ka duba. Sau da yawa shi ne ke hana sauran magana. Bar wa farar takarda wuri, ita ma launi ce. In ka kai inda kake ƙara abu don kawai akwai fili, to tun ɗazu ka gama. Koma ga gwajin tafin hannu na amsar farko.

Na kwamfuta ko na waya shi ma kolaj ne?

Shi ma ne, kuma yana da amfani wajen gwada jeri kafin a taɓa gam. Abin da ba shi da shi shi ne tudu, da bakin yaga, da inuwar da guntu ke yi in hasken taga ya buge shi. Wasu na haɗawa a kwamfuta, su buga, su yaga, su zana a kai. Wannan hanya ce mai kyau.

Yaya ake adana shi kada ya lalace?

Takardar jarida tana da sinadarin itace da ke sa ta ja ta yi ƙamas in haske da iska sun daɗe a kanta. Ba a hana wannan, ana dai jinkirta shi. Guntayen jaridar da ke aikin Picasso yau launin shayi suke. Kada a rataye aiki inda rana ke faɗawa, ko a bangon da ke tsotsar ruwa da damina. Wanda ba a sa wa firem ba a kwantar da shi a kwance, da farar takarda tsakanin kowane biyu, a kan tebur ko kanta, ba a ƙasa ba saboda gara.

Wajen firem na taɓa ƙonewa. Na kai wa wani mai firem aikin da na yi wata biyu a kansa, ban yi masa bayani ba, ya danne shi kai tsaye da gilashi. Damina ɗaya danshi ya taru a ciki, shafin mujallar ya manne da gilashin, gawayin ya koma can. Da na buɗe, rabin hoton ya bi gilashi. Tun daga ranar nake tsayawa a kai sai an sa kwali mai taga tsakanin aiki da gilashi, yadda ba za su taɓa juna ba. In mai shago ya ce bari ya yi maka lamineshan don ya daɗe, ka ce masa na gode, ka karɓi kayanka.

Ana karanta shi a makaranta? Ana samun kuɗi da shi?

Ba kwas ne mai zaman kansa ba, yana cikin darasin zane da fenti. Sashen fasahar zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya yana kusa da mu kuma yana cikin mafiya tsufa a ƙasar nan, baje kolin ɗaliban ajin ƙarshe kuma ya cancanci kuɗin mota. Kasuwar manyan masu saye tana Legas da Abuja, inda ake baje koli irin Art X Lagos tun 2016. A Kaduna abin da ya fi tafiya shi ne aikin oda: bangon littafi, adon ofis da otal, ko aikin tunawa da wani mamaci da aka haɗa da guntun rigarsa da rubutun hannunsa.

Masu saye sukan yi ɗari-ɗari da aikin takarda, suna ganin bai kai fenti a kan kyambas ƙarko ba. Amsarka ita ce gam mai kyau da firem mai kyau, kamar yadda aka yi bayani a sama. A bayan kowane aiki rubuta da fensir, ba biro ba: sunanka, shekara, girmansa da santimita, irin takardun da ka manna, da gam ɗin da ka yi amfani da shi. Ɗauki hotonsa a hasken safe kafin a sa gilashi, ka ajiye kwafin a wuri biyu.